Maƙogwaron Daji da Ƙafar Barmo ta Dama

Kafin masu farar mota su zo da takardunsu masu zane-zane, kafin su kafa allon ƙarfe a bakin hanya su ce wai sun gano dazuzzukan nan uku asalinsu abu guda ne, Barmo na Tungar Maɗaci ya riga kowa gani. Da idonsa ya gani, da ƙafarsa ya taka, tun ba a yi auren iyayen mai riƙe da takardar ba. Barmo bai san alif ba ko da ya kai taɓarya tsawo, amma ba a haifi wanda ya kai shi karatun ƙasa ba. Zai dubi sawu ya gaya maka dabbar, da shekarunta, da abin da ta ci da safe, da ko ranta a ɓace yake. Barmo ke nan, na Hansai, ƙayar bakin turba, wanda ɓauna ta ɗaga sau biyu ta gaji ta ajiye.

Dazuzzuka uku ne suka sa Tungar Maɗaci a tsakiya. Gabas akwai Kurmin Tafki, inda ruwa ba ya ƙafewa. Arewa akwai Faƙon Kanwa, inda namun daji ke lasa. Yamma kuma Duhun Gamba, inda suke ɓuya su haihu. Maharba sun san dabbobi na barin wannan su ɓulla a wancan, amma ta ina suke bi, babu wanda ya sani.

Wata rana da hantsi, cikin tsakiyar rani, Barmo yana saurayi, ya ɗaura burtu a ka, wato kan tsuntsun nan da maharba ke sawa su rarrafa dabba ta ɗauka tsuntsu ne. Sai ga gwanki, ƙato, da farin tabo a goshi. Ya ja baka ya saki, kibiya ta zauna a cinya. Gwankin bai yi gudu ba. Ya waiwayo ya dube shi, irin duban da babba ke yi wa yaron da ya yi rashin kunya, ya juya ya kama tafiya a hankali.

Barmo ya bi jini, har bayan saurar ubansa, wato tsohuwar gonar da aka daina nomawa, inda wasu duwatsu biyu suke tsaye ana ce musu Tagwaye. Sau dubu ya wuce wurin nan yana yaro, bai taɓa ganin ko ɓera ya ratsa tsakaninsu ba. Ran nan sai ga ƙofa, giwa uku sa jera su wuce. Gwanki ya shiga, Barmo ya rarrafa a baya. Burtun da ke kansa ya cece shi, don masu gadin ƙofar sun ɗauka tsuntsu ne.

Yana miƙewa ya tarar da kogi yana hawa tudu, ruwansa na gudu sama kamar an kore shi. Kogin ya yi magana da murya irin ta tsohon alƙali.

“Ya kai mai kan tsuntsu da ƙafar mutum, ba a ƙetare ni da ƙarfe.”

Barmo ya ce, “Ranka ya daɗe, maharbi ba ƙarfe ai tsirara yake.”

“To ka shiga tsirara, ko ka koma da suturarka.”

Ya kwance wuƙa, ya zare kan kibau goma sha ɗaya, ya binne su a gindin wata kirya. Ya faɗa ruwa. Ruwan ya ɗauke shi sama, ya juya shi sau bakwai kamar tuwo a tukunya, ya tofar da shi a kan tudu.

Daga nan ya shiga wani fili na ciyawa, tsayinta ya shanye shi. Ko wane kara yana da baki, kuma ko wane baki sunan dabba guda yake kira cikin waɗanda Barmo ya taɓa kashewa. Wata babbar ciyawa ta sunkuyo ta ce, “Ɗan Adam, za a karanta maka abin da hannunka ya yi. Wanda ka amsa, hanya ta buɗe taku ɗaya. Wanda ka musa, mu zama māsu.”

Aka fara. Gada ta gindin ɗorawa. “Ni ne.” Kanki na bakin rafi. “Ni ne.” Ya yi ta amsawa har maƙoshinsa ya bushe. Can wani siririn kara ya ce, “Barewa mai ciki, wadda ka ga cikin kafin ka saki kibiya.” Wannan ko uwarsa bai taɓa gaya wa ba. Ya ji tsinin ciyawa ya fara taɓa haƙarƙarinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Ni ne, kuma na gani.” Ciyawa ta dare biyu.

Yana fita ya iske wani rami wanda ba a hango ƙasansa, an gitta wani aljani a kai kamar gada. Cikinsa uku ne, ko wanne ya kai tsauni, ɗaya na ƙugin ruwa, ɗaya fari fat da kanwa, ɗaya ya yi duhu da gamba. Amma maƙogwaronsa ɗaya ne tak, dogo, siriri, kuma a kansa ne namun daji ke tafiya a jere. Giwaye da ’ya’yansu, ɓauna, raƙuman dawa, mariya, zaki na bin bayan barewa ba ya ko kallonta.

Aljanin ya buɗe ido ɗaya ya ce, “Wane ne wannan da nauyinsa bai kai na zomo ba, amma takunsa ya fi na giwa ciwo?”

“Barmo ne, ɗan Tungar Maɗaci, ya shugaban masu ciki.”

“Taka a hankali, Barmo. Ciki uku gare ni, amma da maƙogwaro ɗaya nake rayuwa. Mai son kashe ni ba sai ya sha wahalar farka ciki ba.”

Barmo ya bi ta kan maƙogwaron, yana dafa wutsiyar wata ɓauna don kada jiri ya kwashe shi. A ƙarshensa ga birni, katangarsa ta ɗanyen yumɓu ce, tana sheƙi, ba ta bushewa. Tun daga ƙasa har inda ido ya gaza, sawaye ne a jikinta, na kowace irin dabba da Allah ya zuba a ƙasar nan, har na ƙadangare. Birnin Sawu ke nan. A ƙofa wata tsohuwa na zaune, gashinta gamba, ƙafafunta kofato, tana zare kibiya daga cinyar gwankin nan mai farin goshi.

Ta ce, “Ni ce Magajiyar Sawu. Wannan da ka harba manzona ne. Hukuncin wanda ya shigo nan da ƙafa biyu shi ne ya fita da huɗu. Amma kogi ya shaide ka, ciyawa ta shaide ka. Me kake so?”

Barmo ya durƙusa ya ce, “Uwar daji, ina son in koma gida da ƙafafuna yadda na zo da su.”

Ta yi dariya, tsuntsaye suka tashi daga gashinta. Ta nuna katanga ta ce, “Dubi nan. Muddin sawu na da danshi, masu shi na nan a ƙasarku. Ran da ya bushe ya zube, sun tafi ke nan. Abin da ke jiƙa katangar nan kuwa tafiya ce: su sha a gabas, su lasa a arewa, su haihu a yamma. Ka ga hanyar, kai kaɗai cikin ’yan Adam. Ga sharaɗi. Ba za ka taɓa ɓata a daji ba, tukunyarka ba za ta rasa nama ba. Amma ba ka harbi a kan turba, kuma ba ka faɗi inda take. Labulen da ya rufe ta, bakin mutum kaɗai ke yage shi.”

“Na ɗauka, uwar daji.”

“Baki ba ya jingina a nan. Kawo ƙafa.”

Ya ɗaga ƙafar dama ya danna a yumɓu, tsakanin sawun giwa da na gwanki. Sanyin ya ratsa shi har ƙeya. Yana ƙifta ido ya gan shi a bayan saurar ubansa, wuƙarsa da kan kibansa a gabansa, rana ko gusawa ba ta yi ba.

Shekara ashirin da biyu Barmo ya riƙe bakinsa. Ya auri Hansai, mace mai kaifin ido da kaifin harshe, ita ma bai gaya mata ba. Gidansa bai rasa gada ko zomo ba, amma manyan dawa ba ya taɓa su, don duk inda ya gan su a hanyar turba suke.

Sai Sarkin Baka, shugaban maharban garin, ya rasu. Ran sadakar arba’in, bayan la’asar, maharba suka taru a ƙofar gidansa don wasan da ake yi wa mamaci. Al’adar ita ce, mai komo ya kaɗa wa kowane maharbi takensa, shi kuwa ya fito fili ya faɗi abin da ya taɓa yi a daji wanda wani bai yi ba. Wanda ya fi, shi ake duba wa sarauta. Maharbi kuwa in ya ji takensa ya tsima, ba shi ke da bakinsa ba.

Akwai wani Jibo Mai Adaka, wato mai bindigar gargajiya, sa’an Barmo, tare aka yi musu kaciya. Ya fito ya yi kirari da ɓauna huɗu da damisa, aka yi guɗa. Ya juyo ya nuna Barmo da bakin bindiga ya ce, “Saura sarkin zomaye! A kaɗa masa a hankali, kada gada ta ji ta firgita. Barmo, ka taɓa ganin giwa kuwa, ko sai kashinta?”

Fili ya ɗauki dariya. Mai komo ya saki taken Barmo. Jikinsa ya ɗauki rawa, gashin kansa ya miƙe. Daga cikin mata Hansai ta hango idonsa ya juya, ta ɗaga murya ta ce, “Maigida, zo ka sha ruwa!” Ba ta san abin da ke cikinsa ba, amma ta san akwai abin da ya daɗe yana dannewa.

Ina! Barmo ya yi tsalle ya dira tsakiyar fili. “Ni Barmo! Ni na dafa wutsiyar ɓauna ta yi mini jagora! Ku kuna jiran giwa a bakin tafki, ni na san ƙofar ɗakinta! Tsakanin Tagwaye, bayan saurar ubana, nan dawa duka ke wucewa, in ƙarya nake kada in ƙara taka daji!”

Aka ji wata ƙara daga wajen duwatsu, kamar an yage sabon ƙyalle. Komo ya yi shiru. Barmo ya dawo hayyacinsa, ya tarar kowa ya juya yana kallon arewa maso yamma.

Aka ba shi sarautar, don washegari da aka je, ga ƙofa a buɗe, ga sawaye kamar an yi kasuwa. Kafin damina biyu an haƙa wawan rami goma sha wani abu a wurin. Maharba suka zo daga garuruwan da ba a taɓa jin sunansu ba, da adaka da tarkon waya. Ba sai ka yi farauta ba, ka zauna kawai a kan dutse, nama ya kawo kansa. Bayan su masu gawayi suka zo, bayan masu gawayi manoma, don ƙasar da giwa ta shekara dubu tana zuba wa taki ba ta da na biyu. Abin da ya fi ci wa Barmo rai har yau shi ne, da ya ga kowa na sara, shi ma ya ɗauki gatari ya share saurar ubansa ya shuka dawa. Ya ce wa kansa, in bai yi ba wani zai yi. Gonaki bakwai suka jeru a kan turba, aka kewaye su da ƙaya.

Namun dajin gabas suka sami ruwa babu kanwa, ƙashinsu ya yi laushi. Na arewa suka lasa suka rasa ruwa. Na yamma suka haihu, ’ya’yan ba su ga rani biyu ba.

Wata safiya Hansai na shara bayan an yi ruwa, ta tsaya da tsintsiya a hannu.

“Maigida, taka nan in gani.”

Ya taka.

“Sake takawa.” Ta dafe ƙirji. “Wayyo ni Hansai! Hagu, hagu, hagu. Ina ka kai sawunka na dama?”

Ƙafar tana nan, tana tafiya, amma ƙasa ta daina karɓarta. Ko a taɓo ya danna, sai ya ɗaga ya ga wurin sumul. Ran nan ya zauna ya gaya mata kome. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Shekara ashirin da biyu ka hana matarka, ka bai wa mai komo a yini ɗaya. Tashi ka koma inda ka ajiye ƙafar.”

Ya ɗaura tsohon burtunsa, ya ratsa dawarsa, ya shiga tsakanin Tagwaye. Kogin nan mai hawa tudu ya zama rairayi, bai ce masa kome ba. Ciyawa ta kwanta, bakunan duk a buɗe, babu murya. Aljani mai ciki uku yana nan, cikunan sun yamushe kamar tsohuwar salka, ƙaya ta shaƙe maƙogwaron wuri bakwai. Da ƙyar ya buɗe ido ya ce, “Kai ne mai nauyin zomo? Na gaya maka ka taka a hankali.” Barmo ya rarrafa ya wuce, ƙaya na yagar gwiwarsa.

Katangar Birnin Sawu ta tsattsage. Yana isowa sawun raƙumin dawa ya ɓamɓaro ya faɗi a gabansa ya zama gari. Na zaki babu shi, sai gurbi. Na giwa, da ke maƙwabtaka da nasa, ya bushe ƙayau. Magajiya na zaune, gashinta ya zube saura ’yan tsiraru.

Ya faɗi ya ce, “Uwar daji, na zo a yi mini hukunci. Ki mai da ni mai ƙafa huɗu, su harbe ni a kan turbar.”

Ta ce, “Ka zama dabba ka bi ta ina? Hukunci ba ya jiƙa yumɓu, Sarkin Baka.”

“To ki yafe mini.”

“Ba ni ka yi wa ba. Waɗanda ka yi wa, rabinsu ba sa nan balle su yafe. Labule kuwa ya yagu har abada, ba mai sake ɓoye hanyar nan. Dā rashin sani ke tsare ta. Yanzu sai dai masu sani su tsare ta, in za su iya. Abin da baki ya zubar, hannu ke tsincewa. Ka cire ƙayar nan bakwai. Faɗin turba shi ne, mutum ya tsaya a wannan gefe, wani a wancan, kada su ga juna.”

“Giwa za ta dawo?”

Magajiya ta miƙa hannu ta taɓa sawun giwa. Ya zubo a tafinta. Ta hura shi.

Barmo ya dawo, dawarsa ta fara fitar da kai, ya sa lauje ya kwantar da ita duka. Mutane suka ce Sarkin Baka ya taɓu. Ya dasa kirya da marke da ɗinya, ya roƙi gamba ta dawo. Hansai ce ke ɗauko ruwa a ka tana ba dashen, tana yi tana masa faɗa. Sannan ya bi masu gonaki shida ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ba shi bayan shekara biyu, da Barmo ya musanya masa da fadamar da ya gada wajen uwa. Wani sai da ya mutu ’ya’yansa suka bari. Wani ya sakar masa kare. Shekara goma sha tara yana wannan bara, shi da bai taɓa roƙon ko goro ba.

Ta ƙarshe ta Jibo ce, a daidai bakin Tagwaye. Jibo ya tsufa, ido ya tafi, adaka na rataye tsatsa ta cinye ta.

“Wa nake ji kamar mai ƙafa ɗaya? Sarkin zomaye ne?”

“Ni ne, makahon banza. Gonarka na zo karɓa.”

“Da wace gadarar?”

“Babu. Kai ka tsokana, ni na faɗa. Mu biyu muka kashe turbar.”

Jibo ya ce, “Barmo, rabona da jin kukan kanki tun kafin idona ya rufe. Jikana ya tambaye ni wai ɓauna saniya ce ta Fulanin daji. Na rasa abin da zan ce masa.” Ya share fuska da hannun riga. “Ɗauki rabi. Rabin kuma in na ji kanki da kunnena.”

Bai ji ba, Allah ya jiƙansa, magadansa ne suka saki sauran rabin. Hansai ma ba ta gani ba, ta rasu ana saura damina ɗaya namun daji su dawo. Ita ce ta fara ganin sawun ya ɓace, ba ta ga dawowarsa ba, wannan kuwa ko an ba Barmo dawa duka ba zai huce ba.

A shekarar ne masu farar mota suka zo. Shugabarsu, wata mace mai gilashi, ta shimfiɗa takarda tana nuna wa Barmo inda ya kamata a haɗa dazuzzukan. Ya ce mata, “’Yata, naɗe takardarki. Kin zana hanyar ta kudu da dutse, nan ko kura ba ta bi. Biyo ni.” Ta biyo shi, ta ga itatuwan, ta goge zanenta ta sake. Ta tambaye shi a wace makaranta ya koya. Ya ce, “A wadda aka kore ni.”

Da damina ta faɗi, wata safiya ya je duba dashe, sai ga sawu a tsakanin Tagwaye. Gwanki ne, namiji, yana ɗingisa ƙafar baya, ya fito daga yamma ya nufi gabas. A bayansa mata biyu da ɗan ƙarami. Barmo ya tsaya a taɓo yana kallo har rana ta yi zafi. Da ya ɗaga ƙafar dama zai juya, sai ga gurbin diddige a ƙasa. Diddige kaɗai. Tafin da yatsun ba su dawo ba, kuma ya san ba za su dawo ba, don a jikin sawun giwa suke.

Yanzu gwanki na wucewa, da mariya, da gada, bara har ɓauna uku. Raƙumin dawa da zaki da giwa kuwa, yaran Tungar Maɗaci sai dai su gan su a allon ƙarfen nan na bakin hanya. Barmo ne ya fara ganin turbar, Barmo ne ya sayar da ita a kan kiɗan komo, ba a kan ko ƙwayar gero ba. Tun ranar wasan nan, in mai komo ya shigo gari, shi daji yake nufa.

Mai cewa tatsuniyar tsofaffi ce, kada ya tsaya musu daga nesa. Tungar Maɗaci ba ɓoyayya ba ce. Ya zo da damina, ya kwaɓa taɓon da hannunsa don kada ya ce an yi masa dabo, Barmo zai taka masa sau goma ya ƙirga yatsu. In kuwa bayan nan har yanzu yana jin shi namiji ne, ga gatari nan a jingine a zaure, ga Tagwaye can. Ya je ya sari reshe ɗaya, sannan ya waiwaya ya nemi sawunsa.